Sharar Gida da Takin Gona: Bayani ga Uwayen Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo

GABATARWA

An shirya wannan 'yar takarda domin uwayen ƙasa na Wurno da Rabah da Goronyo, da hakimansu, da malaman da ke riƙe musu littattafai. Maganar da ke cikinta ta shara ce, watau abin da a ke fitarwa daga gida kowace safiya a zuba a juji. Mai yiwuwa wani ya ce wannan ƙaramar magana ce, ba ta isa a kawo ta gaban manya ba. To, amma a tuna, daga jujin gari manomi ya ke ɗibar takin gonarsa, a kansa awaki su ke kiwo da rani, abin da iska ta kwasa daga kansa kuwa cikin gulbi ya ke ƙarewa. Idan juji ya ɓaci, ɓarnar ta kan bi gona da garke da ruwan sha gaba ɗaya. Saboda haka a na roƙon kowane uban ƙasa ya sa a karanta masa wannan bayani a majalisa, a gaban hakimai da masu unguwanni, domin kowa ya san abin da ya hau kansa.

YADDA AKA SABA A DA

Garuruwan nan uku na bakin ruwa ne. Wurno da Goronyo suna kan Gulbin Rima, Rabah kuwa tana kan Gulbin Sakkwato. Tun lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗi, ya zauna cikinta har ya rasu a 1837, mutanen wannan yanki da noma da kiwo da sana'ar hannu aka san su. Fadama tana ba da shinkafa da albasa da tafarnuwa, tudu yana ba da gero da dawa da wake. Amma ƙasar tudu jigawa ce, ba ta da ƙarfi, ba ta kuwa riƙe ruwa. Tilas ne a ciyar da ita kowace shekara kafin ita ma ta ciyar da mutane. Abincinta kuwa shi ne sharar gida.

Duk dattijon da aka tambaya zai faɗi yadda abin ya ke. Kashin awaki da na tumaki da na jakai, da tokar murhu, da ƙaiƙayi, da tsohon bunu da aka sauke daga ɗaki, duk a kan tara su wuri ɗaya a bayan gida. Da bazara sai a labta wa jakai mangala, a kai gona, a jibge tuli tuli kafin ruwa ya sauka. Mai gonar da ba shi da dabbobi har sayen juji ya kan yi, ko ya ba makiyaya hatsi su kwana da shanunsu a gonarsa.

Sauran kayan gida ma haka. Karan dawa ya zama darni da gado, harawa ta shiga rumbu domin dabbobi, dusa ta tafi ga kaji da tumakin turke. Ƙwarya in ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke, in ta fashe sakainarta ta zama abin kwasar shara. Tsingaron tukunya ya zama wurin ba kaji ruwa. Tsohuwar riga ta zama ta yaro, daga nan ta zama tsumma, tsumman ya shiga matashin kai. Tokar kara mata su kan tace ta su yi sabulu. Ko katsin da marina ke kwashewa daga karofi, magina su kan gauraya shi da gashin da majema suka kankare daga fata, su yi laso su shafe soro don kada ruwa ya ci shi. Da kayan Turawa suka shigo ma ba a sake hali ba. Gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal, tsohuwar tayar mota ta zama takalmi da guga.

Dalilin da ya sa wannan tsari ya yi ƙarko shi ne, kusan duk abin da ke shiga gida daga ƙasa ya fito, in an gama da shi kuma ƙasa za ta cinye abinta.

ABIN DA YA SAKE

A 1933 aka gano irin robar da a ke yin leda da ita, a wata masana'anta a Ingila. Shekara ɗaya bayan wannan, a 1934, aka naɗa Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato da Firimiyan Jihar Arewa, uban ƙasar Rabah, garin da aka haife shi. Duk zamansa a wannan sarauta ba a san leda a kasuwar Rabah ba. Sai bayan shekaru masu yawa ta iso, ta kori faifai da ƙwarya da ganyen ƙunshi kaɗan kaɗan. Daga shekarun 1990 kuma ruwan leda ya bazu ko'ina cikin Nijeriya, har ya kai ƙauyukan da ba su da famfo.

Leda tana da amfani, ba mai musun haka. Tana da araha, ba ta da nauyi, ba ta yoyo. Aibinta guda ne, amma babba ne, watau ba ta ruɓewa. Gara ba ta cinta, tsutsar ƙasa ba ta cinta. Rana ta kan gasa ta har ta yi rauni ta kakkarye, amma gutsattsarin suna nan cikin ƙasa shekara da shekaru, sai dai su ƙara ƙanƙancewa.

Ga ɗan lissafi domin malamai su gwada da unguwarsu. A ƙaddara gida mai mutum 10, kowa yana shan ruwan leda 2 a yini. Ledoji 20 ke nan kullum, 600 a wata, 7,300 a shekara. Unguwa mai gida 100 irin wannan za ta zubar da 730,000 a shekara, ban da baƙar ledar cefane, da ta sukari da gishiri, da ta tuwon biki. Duk wannan yana faɗawa cikin jujin nan da kakanni suka saba kwashewa zuwa gona. Al'adar zuba kome wuri ɗaya ba ta sake ba, kayan da a ke zubawa su ne suka sake, daga nan ɓarna ta taso.

ƁARNA A GONA

Manomin da ya kwashi juji yau, rabin wahalarsa tsince leda ce. In bai tsince ba, iska ta watsa ta cikin gona, ta maƙale a kututturen gero, ta naɗe bakin galma da fartanya. Wadda ta nutse cikin ƙasa ta kan tare saiwa, ta hana ruwa ratsawa daidai. Bayan leda akwai fasassun kwalabe da ke yanka ƙafa, da tsofaffin batura da ke fashewa cikin kunya. Saboda haka wasu sun daina kwasar juji, sun dogara ga takin zamani kaɗai, ga shi kuwa ya yi tsada, kuɗin ɗaukarsa ma ya ƙaru tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Har ila yau takin zamani ba ya yin aikin takin gida. Shi shuka ya ke ciyarwa a daminar da aka zuba shi. Takin gida kuwa ƙasar kanta ya ke gyarawa, ya sa ta yi laushi, ta riƙe danshi kwana da kwanaki idan ruwa ya yi fashi. A jigawa irin tamu, inda damina ba ta wuce wata huɗu, wannan riƙon danshi shi ne ya kan raba gonar da ta yi da wadda ta ƙone.

ƁARNA A GARKE

Jar akuyar Sakkwato sananniya ce har ƙasashen waje saboda kyan fatarta, ita ce kuma asusun matan karkara. Da rani, in ciyawa ta ƙare, a kan saki dabbobi su nemi abinci a juji da kasuwa. Ledar da aka ƙunsa ƙosai ko gishiri ko tuwo tana ɗauke da ƙanshin abincin, sai akuya ta haɗiye. Ciki ba ya narkar da ita. Ta kan taru a tumbi, ta cuɗe da igiya da tsumma, ta zama dunƙule. Daga nan dabba ta rage cin abinci, ta rame alhali cikinta yana kumbure, nononta ya ragu, in tana da ciki ta kan yi ɓari, ƙarshe ta mutu ko a yanka ta da hasara. Jiƙo ba ya fitar da ita, allura ba ta fitar da ita, sai likitan dabbobi ya tsaga ciki. Duk uban ƙasar da ke son ganin gaskiyar wannan magana ya kira Sarkin Fawa ya tambaye shi abin da mahauta ke tararwa a tumbin shanu da tumaki da awaki.

ƁARNA A RUWA DA ISKA

An gama gina madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, daga gare ta manoman rani na kwarin Rima su ke samun ruwa, birnin Sakkwato ma da ruwan da a ke saki daga cikinta ya dogara. Duk sharar da aka zuba a kwazazzabo ko bakin gulbi, ruwan farko zai kwashe ta ya kai ta hanyoyin ban ruwa, ta toshe ƙananan ƙofofi da bututun injin. Cikin gari kuma ta cike magudanai da ƙarƙashin kwalbati. Mutanen wannan kwari ba su manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta cinye gonaki da gidaje daga Goronyo har Sakkwato. Shara ba ita ta kawo wannan ambaliya ba. Amma ruwan da ya isa gari ya tarar da hanyarsa a toshe, cikin gidaje ya ke shiga, gidan ƙasa kuwa ba ya jure kwanan ruwa a gindinsa.

Ruwan da ya kwanta a magudana, ko cikin tsohuwar taya da gwangwani, nan sauro ke ƙyanƙyasa. Jujin da ke kusa da rijiya kuwa, in yara suna bayan gida a kansa, ƙazantarsa ta kan gangara cikin ruwan sha, ta haka amai da gudawa ke yaɗuwa, kamar annobar da ta taɓa Jihar Sakkwato da sauran jihohi a 2021.

Wasu suna ganin maganin juji shi ne a cinna masa wuta. Wannan hasara biyu ce. Wuta ta kan cinye mafi yawan ƙarfin taki ta bar toka kaɗai, hayaƙin leda kuwa dafi ne, yana cutar ƙirji da ido, musamman ga jarirai da tsofaffi da masu asma. Haka kuma al'adar hura wutar girki da leda, lalle a hana ta, gama mace da goyonta su ne ke shaƙar hayaƙin.

MAGANI: A RABA SHARA KASHI HUƊU TUN DAGA GIDA

Shara in ta gauraya ba ta da amfani ga kowa, in an rarraba ta kuwa kowane kashi yana da mai so. Rarrabawar a juji aiki ne mai wuya da ƙazanta, a tsakar gida kuwa ba ta ɗaukar lokaci, don mai shara ta san abin da ta share. Abin da a ke bukata shi ne rami ɗaya, da tsofaffin buhuna biyu, da gwangwani ɗaya mai murfi.

Kashi na fari, mai ruɓewa. Shi ne kashin dabbobi, da ragowar harawa, da ƙaiƙayi, da buntun shinkafa, da ɓawon albasa da na gyaɗa, da ganyen da aka share, da toka. Ragowar abinci a fara ba kaji da dabbobi, abin da suka bari ya bi sauran. Duk wannan ramin taki za shi.

Ga yadda a ke yin ramin. A zaɓi inuwa a bayan gida ko gefen gona, nesa da rijiya da kamar ƙafa 100, inda ruwan damina ba ya kwanciya. A haƙa zurfin ƙafa 3, faɗin ƙafa 4, tsawo gwargwadon sharar gidan. A shimfiɗa sassaren kara a ƙasa. A zuba busasshen abu kaurin taƙi guda, a bi shi da kashin dabbobi kaurin yatsa huɗu, a barbaɗa toka da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa har ramin ya cika, sa'an nan a rufe da tsohon zana ko ƙeso. A kafa sanda a tsakiya. Bayan kwana kaɗan a zare sandar a taɓa. In ta yi zafi da danshi, aiki yana tafiya. In ta fito a bushe, a ƙara ruwa. In tana wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen abu. Bayan mako 3 a juya shi, na sama ya koma ƙasa, a sake juyawa bayan wani mako 3. Cikin wata 3 zai zama baƙi mai laushi, mai ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Zafin nan ya kan kashe mafi yawan irin ciyawa da ƙwan ƙuda. Kada a zuba bayan gidan mutane ko mushe a wannan rami.

Wanda takinsa bai isa gona duka ba, ya yi koyi da maƙwabtanmu na jihar Tawa cikin Jamhuriyar Nijar. Tun ƙarshen shekarun 1980 suka raya faƙo mai yawa da dabarar da su ke kira tassa, watau a haƙa 'yan ramuka da rani, faɗin kowane kamar taƙi guda, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, in ruwa ya sauka a shuka gero a ciki. Ramin ya tare ruwa, takin kuma ya tsaya a gindin shuka, iska ba ta kwashe shi ba.

Ruwan wanke-wanke ma kada a sake shi ta rariya ya ɓata hanya. A ja shi zuwa gindin zogale ko gwanda ko lemun tsami a tsakar gida.

Kashi na biyu, mai sayuwa. Shi ne tsohon ƙarfe, da gwangwanin lemo, da fasasshen bokiti da baho da kujerar roba, da tsinkakken silifa, da gorar ruwa, da kwali. A tara su a buhu. 'Yan gwangwani suna saye a kan sikeli, ko su musanya da sabon kwano ko baho. Daga hannunsu kayan su kan tafi Sakkwato, daga can zuwa masana'antun Kano da Ikko, inda a ke niƙa robar a narka, a yi buta da bokiti, ƙarfen kuma a yi rodin gini. Gwangwanin lemo maƙeranmu na gida ma suna narka shi su zuba tukwane da ludaya. Amma kafin a sayar da abu a duba ko zai gyaru, gama mai ɗinkin takalmi da mai liƙin roba da mai walda suna nan a kasuwannin irin su Acida, gyara kuwa ya fi saye araha. Kwalba da gora masu kyau a wanke da sabulu a zuba mai ko kunu ko zoɓo, in dai an san abin da ke cikinsu da fari.

Kashi na uku, leda. Mai kyau a wanke a shanya a sake mora. Wadda ta yage, da ta ruwan leda, a cusa cikin buhu na biyu, a ɗaure baki, a rataye inda akuya ba ta kaiwa. Akwai masu sayen ledar ruwa da awo su kai masana'anta, akwai kuma masu narka ta da yashi su yi tubalin daɓe. A Sabon Yalwa kusa da Kaduna, a 2011, har ɗaki aka gina da gorunan roba da aka ɗura wa yashi. Inda mai saye bai zo ba tukuna, a kai buhunan wurin da hukuma ta keɓe, a binne, nesa da gulbi da gonaki da burtali.

Kashi na huɗu, mai dafi. Shi ne batirin tocila da na waya, da babban batirin mota da babur da na hasken rana, da mazubin maganin ƙwari da na ciyawa, da allurar da aka yi amfani da ita, da maganin da ya lalace. Wannan kashi shi ne mafi ƙanƙanta, shi ne kuma mafi haɗari. Babban batir cike ya ke da dalma. Abin da dalma ke yi mun gani a maƙwabciyarmu Zamfara a 2010, sa'ad da aka riƙa niƙa dutsen zinariya mai dalma cikin gidaje a ƙasashen Anka da Bukkuyum, yara wajen 400 suka rasu, waɗansu da yawa suka nakasa. Saboda haka kada a fasa batir ko a narka dalmarsa cikin gari. A mayar da shi ɗungum ga mai sayar da sabo. Sarkin Maƙera kuma ya gargaɗi masu zuba tukwane kada su haɗa dalma ko tarkacen injin cikin abin da za a dafa abinci da shi.

Mazubin maganin feshi, wanda manoman albasa da shinkafa ke amfani da shi da yawa, a ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, sa'an nan a huda gindinsa. Kome kyansa kada a zuba ruwan sha ko nono ko man girki a ciki, kada kuwa a wanke shi a gulbi ko hanyar ban ruwa. Allura da tsohon magani a kai wa ma'aikacin asibitin da ke kusa.

RAGE TA TUN DAGA KASUWA

Rigakafi ya fi magani. Ledar da ba ta shigo gida ba, ba sai an nemi yadda za a yi da ita ba. Mai zuwa cefane ya riƙe jaka ko kwando. Yaron da aka aika sayen mai ko ƙosai ko fura a ba shi kwano mai murfi. A wurin biki da suna da sadaka a koma ga raba abinci a kwanoni da akusa, ruwa kuma a randa ko babban mazubi mai famfo. Masu saƙar faifai da kwando da tabarmar kaba su ma za su sami ciniki.

Wasu ƙasashe doka suka kafa. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, Jihar Ikko kuma ta hana farin mazubin abinci na soso a 2024. Abin da aka koya daga gare su shi ne, doka ta kan ci inda aka tsaya a kanta kuma mutane suka sami abin da za su riƙe maimakon leda. Inda babu wannan, dokar ta kan zauna a takarda. A Nijeriya ma an kafa ranar tsabtace gari ta wata wata tun zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984 da 1985, amma shara ta yini guda ba ta gyara abin da aka ɓata cikin kwana 29.

AIKIN UBAN ƘASA

A zamanin En'e uban ƙasa da duba-gari su ne ke hukunta mai ƙazanta. Tun gyaran 1976 wannan iko ya koma ga ƙaramar hukuma, tsarin mulki na 1999 kuma ya ɗora mata kwasar shara. Duk da haka motar shara ba ta shiga tsakar gida, maganar uban ƙasa kuwa tana shiga. Ga abin da a ke fata daga gare shi.

1. Ya fara da gidansa. Ranar da talakawa suka ga ramin taki da buhunan leda a gidan sarauta, rabin wa'azi ya ƙare.

2. Ya zauna da shugaban ƙaramar hukuma da ma'aikatan tsabta, a keɓe wa kowace unguwa wurin tara leda, da wurin binnewa a bayan gari. Kada ya zama kwazazzabo, ko bakin fadama, ko kusa da rijiya da makaranta.

3. Ya umurci Sarkin Kasuwa a share kasuwa da yammacin ranar da ta ci, kafin a saki dabbobi da safe. Ɓawo da ganye da kashin dabbobin kara a ba mai so ya kai gona.

4. Ya sa Sarkin Fawa ya tara abin da ke cikin tumbi a ramin taki, ƙashi da ƙaho a ajiye wa masu saye, musamman da Babbar Salla. Dunƙulen ledar da aka ciro kuwa a nuna wa mai dabbar.

5. Ya san duk mai sayen gwangwani da ke shiga ƙasarsa, da wanda ya tsaya masa. Sana'a ce ta halal mai amfani, amma kada ta zama mafakar mai kwance ƙofar ban ruwa ko wayar lantarki, kada kuma ta fitar da yara daga makaranta.

6. Ya roƙi limamai da malaman makarantun allo da na boko su yi bayani, gama addini ya yi horo da tsabta, ya kuma hana almubazzaranci. Ga mata kuwa, tun da tsintsiya a hannunsu ta ke, a bi ta hannun ungozomai da malaman Islamiyya mata da shugabannin adashi.

7. Ya sa gayya sau biyu a shekara, ɗaya cikin watan Mayu a yashe magudanai kafin ruwa ya sauka, ɗaya bayan kaka a tsince ledar gonaki da burtali.

AIKIN MALAMI

Abin da ba a rubuta ba, ba a san ko ya ci gaba ko ya koma baya ba. Malamin uban ƙasa ya buɗe littafi, ya ba kowane ƙauye da kowace unguwa shafi. Ƙarshen kowane wata ya rubuta yawan gidaje, da gidajen da ke da ramin taki, da yawan jujin da ke cikin gari da inda su ke, da buhunan leda da aka tara da waɗanda aka sayar, da dabbobin da mahauta suka tarar da leda a cikinsu, da magudanan da suka toshe. Da bazara ya ƙara da yawan mangala ko amalanken taki da aka fitar. Ya karanta wa uban ƙasa a majalisa, ya aika da kwafi ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Lalle ya rubuta abin da ya gani da idonsa ko mai unguwa ya tabbatar masa. Adadi kaɗan na gaskiya ya fi babban adadi na faranta rai, don da shi ne za a san unguwar da ta cancanci yabo da wadda ke bukatar a koma mata.

KAMMALAWA

Ba a neman kuɗi daga hannun kowa domin wannan aiki, ba a kuwa kawo wata baƙuwar al'ada ba. Kakanninmu sun san wurin kowane abu da ya fita daga gida, abin da ya rage mana shi ne mu samar wa leda da batir nasu wurin, dabam da na taki. A fara da unguwa ɗaya a kowane gari cikin wannan rani, a kai takinta gona da bazara, da kaka kuma a kira mutane su ga amfanin da ta yi. Wanda ya gama karanta wannan takarda ya miƙa wa na kusa da shi. Allah ya ja zamanin uwayen ƙasa, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.